Muhawara: Sai da Iniesta ya bar Kobe suka ga kofi?

Auwalu Madrid: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa wani ɗan Barça ya cika mana kunne wai duk inda Iniesta, tsohon ɗan wasan tsakiyar Barcelona, ya sa ƙafa kofi na biye da shi. To ga tawa. Mutumin nan ya je Vissel Kobe ta Japan a 2018, ya yi shekara biyar cur, ko ƙamshin kofin lig ba su ji ba. Ya tattara komatsansa a watan Yulin 2023, kafin shekarar ta ƙare suka ɗauka, karo na farko a tarihinsu. Ni dai na ce shi ne ya zame musu ƙarfen ƙafa. Mai ja ya fito.

Sani Barça: Wa alaikumus salam. Auwalu, ka karya kuwa yau? Ranar 1 ga Janairun 2020, a sabon filin wasa na ƙasa da ke Tokyo, wa ya ɗaga Kofin Sarkin Japan bayan Kobe ta ci Kashima Antlers 2-0? Kyaftin Iniesta. Kafin ranar nan ƙungiyar ba ta da wani babban kofi da za ta nuna wa baƙo. Shi ya buɗe musu ƙofa.

Auwalu Madrid: Kofin sili-ɗaya-ƙwale kake kawo min? Wannan ko ƙaramar ƙungiya in sa'a ta bi ta sai ta ɗauka. Lig nake magana, inda ake wasa sama da talatin a ga mai dogon numfashi. Ga sakamakonsu da gwanin naka: 2018 na 10, 2019 na 8, 2020 na 14, 2021 na 3, 2022 na 13. Kuma ba shi kaɗai ba ne fa. Podolski na nan, David Villa ya zo, Vermaelen ya zo, Samper ya zo. An kwaso rabin Barcelona an zube a Kobe, sai ga su suna neman tsira daga faɗawa rukunin gajiyayyu.

Ummi: Ka karanta na 3 ɗin nan da sauri kamar mai satar hanya. A 2021 ɗin ai yana cikin 'yan wasa 11 da aka zaɓa na gasar gaba ɗaya.

Auwalu Madrid: Na uku ba ya ɗaga kofi, ƙanwata.

Nura: Ku bari ni da na kalli kakar 2023 ɗin in ce wani abu, don na ga kamar daga teburi kawai kuke karantowa. Japan ta riga mu da awa takwas, wasan ƙarfe biyu na rana a can shida na safe ne a nan. Sai in dawo daga sallar asuba in koma cikin gidan sauro da waya, in rage murya don kar in tashi ƙannena. Datata ta sha wuya a shekarar nan.

Abin da na gani shi ne, Yaya Auwalu ya kama gaskiya amma ta wutsiya. Ba tafiyar Iniesta ce ta sauya Kobe ba, tun yana nan aka sauya ta. Kocinsu Takayuki Yoshida ya watsar da ɗan taɓa-ka-ba-ni ɗin nan. Gola ko mai tsaron baya ya ɗaga doguwar ƙwallo, Yuya Osako ya sa ƙirji ya tare ta, mai tsaron baya na maƙale a bayansa kamar jariri a goye, amma ba ya iya ƙwace ta. Kafin a ankara Yoshinori Muto ya iso da gudu. In kuma suka rasa ƙwallo, mutum uku huɗu ne za su rufar wa wanda ya ɗauka tun a gidansu. Wannan wasa na masu huhu ne. Iniesta kuwa ya cika shekara 39 a watan Mayun nan. Ina zai sa kansa? Benci ya zauna, sai jefi-jefi a sako shi ƙarshen wasa. Ranar 25 ga Mayu da ya kira 'yan jarida ya ce zai tafi, har da hawayensa, Kobe ce a saman teburi. Ashe ba sai ya fita daga garin ba, zamansa a benci ma ya wadatar.

Auwalu Madrid: Allah ya yi maka albarka Nura. Ai ka ƙara min gishiri a miya ne. Wato ko ƙofar fili ba sai ya fita ba, a cire shi daga cikin sha ɗaya kawai sai nasara ta zo.

Nura: A'a Yaya, kar ka ja maganata inda ban kai ta ba. Kai ka ce shekara biyar shi ne matsala. Ni na ce a 2023, yana da shekara 39, bai dace da tsarin ba. Magana biyu ce.

Malam Habu: Na daɗe ina karanta ku ina murmushi. Auwalu, bari in ba ka labarin da ya girme ka. Tun kafin a buɗe gasar J.League a 1993 da ƙungiyoyi goma, Zico na Brazil ya je Japan a 1991, ya shiga ƙungiyar wani kamfanin ƙarfe da ke rukuni na biyu, wadda ita ce ta zama Kashima Antlers. Ya ajiye takalmi a 1994 ba tare da ya ɗauki kofin gasar ba. Sun kai wasan ƙarshe na kakar 1993, Verdy Kawasaki ta hana su. Sai a 1996, shekara biyu bayan ya daina buga musu, suka ɗauki na farko. Yau Kashima ta fi kowace ƙungiya yawan kofin lig a Japan, kuma mutum-mutumin Zico na tsaye a filinsu. Da lissafinka za a bi, da sai a ce Zico ne ya tare musu hanya. Wanda ya haƙa rijiya ba lallai ne ya sha ruwanta ba.

Sani Barça: Malam, Allah ya ƙara girma. Auwalu sai ka nemi wurin ɓuya.

Auwalu Madrid: Malam, da girmanka, amma misalin nan bai zauna ba. Kashima ta riƙe abin da Zico ya bari. Shekara da shekaru 'yan Brazil ne ke horar da su, shi kansa ya dawo ya zama daraktan wasanninsu, irin tarbiyyarsa suka ci kofuna da ita. Kobe fa? Abin da aka kawo Iniesta ya dasa, wato a mayar da su Barça ta Japan, shi suka tumɓuke suka jefar kafin su ci. Rijiyar da ya haƙa cike ta aka yi, aka je aka haƙa wata a gefe.

Malam Habu: To, wannan ka yi magana. Zan ma ƙara maka wani abu da zai yi maka daɗi. Yoshidan nan shi ne kocin Kobe lokacin da Iniesta ya sauka a 2018. Bayan 'yan watanni aka ture shi gefe aka kawo Juan Manuel Lillo, wanda Guardiola ke ɗauka malaminsa, don a samu wasan Sifen na asali. Lillo bai yi shekara ba ya tafi, aka dawo da Yoshida na ɗan lokaci, aka sake ajiye shi aka kawo Thorsten Fink. Sai a tsakiyar 2022, da ruwa ya kai musu wuya, suka sake kiransa karo na uku. Wanda aka kora saboda tsarin Iniesta shi ya dawo ya ajiye Iniesta. Duniya juyi-juyi.

Amma ga inda nake tsaye har yanzu. Su wa suka ci kofin? Osako daga Werder Bremen ya dawo, Muto daga Newcastle, Gotoku Sakai daga Hamburg, Hotaru Yamaguchi daga Cerezo Osaka. Duk 'yan wasan ƙasa ne, kuma duk bayan zuwan Iniesta suka zo: biyu a 2019, biyu a 2021. Kobe ta da, mai yawo a tsakiyar teburi, wadda ta faɗi rukuni na biyu har sau biyu, ba nan irin waɗannan ke sauka ba.

Auwalu Madrid: Kuɗi suka biyo Malam, ba Iniesta ba. Mai ƙungiyar, Mikitani, shi ne mai Rakuten. Wanda ya iya sa sunan kamfaninsa a ƙirjin rigar Barcelona shekara biyar, albashin Osako ne zai gagare shi? Da kuɗin da aka zuba wa mutum ɗaya aka raba wa irin su Osako tun 2018, da tuni an wuce wurin.

Ɗanlami mai gidan kallo: Ni ku bar ni da ɓangaren kasuwa, nan na fi sani. Shekarata nawa ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa leƙowa ya ce in sa masa wasan Japan. Ko a 2016 da ɗan Najeriya Peter Utaka ya ci 19 a Sanfrecce Hiroshima ya zama cikin waɗanda suka fi kowa zura ƙwallo, wa ya sani a unguwarmu? Amma ranar 1 ga Yulin 2023, wasan bankwanan Iniesta da Sapporo, yara 'yan Barça suka dame ni sai na buɗe da hantsi. Lokacin wata guda ke nan da cire tallafin mai, ga ba wuta. Na tayar da janareto, na jona waya da talabijin, mutum bakwai suka zo, biyu ma bashi. Aka tashi 1-1, aka cire shi bayan hutun rabin lokaci, wani yaro a benci na gaba yana goge ido da hular kansa. Na yi asara a ranar, ban musa ba. Amma ka tambayi kanka, wane ɗan wasa ne zai sa a buɗe gidan kallo a Kano saboda Kobe? Shi Mikitani abin da ya saya ke nan.

Auwalu Madrid: To ai ka faɗa da bakinka, talla ya saya. Ni kuma ƙwallo nake magana.

Sani Barça: Ƙwallo kake so? Kyogo Furuhashi daga rukuni na biyu Kobe ta ɗauko shi a 2018. Shekara uku yana gudu Iniesta na zuba masa fasin, sai ga shi a Celtic a 2021 yana ɗaga raga kamar ba gobe. Sannan gasar zakarun Asiya ta 2020 a Qatar, zuwan Kobe na farko, har wasan kusa da na ƙarshe suka kai. Iniesta da rauni a cinya ya shigo ya buga fenariti a kan Suwon ta Koriya ta Kudu, daga nan sai tiyata. Wannan ne ɗan talla?

Ummi: Ni tambaya ɗaya gare ni Yaya Auwalu. A 2022 koci huɗu suka jagoranci Kobe a kaka ɗaya: Miura, Planagumà, Lotina, Yoshida. Ƙungiyar da ke canza koci kamar ana canza zanin gado, in ta zo ta 13, ɗan wasan tsakiya za a kama ko masu ofis?

Auwalu Madrid: Masu ofis ɗin don wa suke ta canje-canjen? Neman wanda zai iya gina ƙungiya a kan tsoho suke. In gida ya ƙi zama saboda ana lallaɓa baƙo, ba za a ce baƙon ba ya ciki ba.

Nura: Akwai abin da ke goyon bayan Yaya Auwalu da bai ma ambata ba. A watan Satumban 2023 Kobe ta sake ɗauko wani ɗan Sifen, Juan Mata. Wasa ɗaya tak ya buga a lig, na 'yan mintuna. Yoshida bai ko waiwaye shi ba. A ƙarshen watan suka je gidan Yokohama F. Marinos, masu riƙe da kofin kuma masu bin su a baya, suka ci su 2-0, Osako da Muto. A wannan wasan na san an gama. Ranar 25 ga Nuwamba suka doke Nagoya Grampus 2-1 suka rufe zance tun saura wasa ɗaya. Maki 71, Marinos 64. Osako ya ci 22, daidai da Anderson Lopes na Marinos, aka ba shi gwarzon shekara. A 2024 kuma suka maimaita, suka haɗa da Kofin Sarki. Tsarin ya yi aiki, wannan ba abin musu ba ne.

Auwalu Madrid: Kun ji ko? Kuma don in cika muku: daga Kobe ina Iniesta ya nufa? Emirates Club ta Daular Larabawa. Me ya same su a kakar nan? Suka faɗi rukuni na biyu. Daga nan ya rataye takalmi a Oktoban 2024.

Sani Barça: Kai dai ba ka yafe 6-2 ɗin da Barça ta yi wa Madrid a Bernabéu ba ne, shi ne kake bin bawan Allah har Japan da ƙulli.

Auwalu Madrid: Ni Champions League nawa gare ni? Ƙirga ka dawo.

Malam Habu: Kun fara kauce hanya. Abu ɗaya nake so ku riƙe game da mutanen Kobe ɗin kansu. Ranar da aka tsara ƙungiyar za ta yi atisayenta na farko da sunan Vissel ita ce 17 ga Janairun 1995, ranar da girgizar ƙasa ta rushe garin ta kashe mutum sama da dubu shida. Babban kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukar nauyinsu ya janye. Shekara 28 suka jira kofin nan. Ban jin wanda ya yi wannan jiran zai zauna yana raba wa Iniesta da Osako lada da ma'auni kamar yadda muke yi a nan.

Auwalu Madrid: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Malam. Amma shekara biyar daga cikin 28 ɗin nan, ni na san wanda zan rubuta wa su.

Ummi: Har da ta 2021?

Auwalu Madrid: Huɗu to.

Ɗanlami mai gidan kallo: Sani, ranar wasan bankwanan Iniesta, cikin mutum biyun da suka kalla bashi kai ne ɗaya. Har yau ban gani ba.