Shawarwarin Masu Saƙa Kan Rigar Sanyi Kafin Hunturu

A zaman da muka yi da mata masu saƙa da ɗinki, bakinsu ya zo ɗaya cewa wadda ke son yaranta su sa suwaita a sanyin Disamba, to ta ɗauki zare tun farkon kaka, domin riga ɗaya takan ci makonni ga mai aikin gida.

Batun zare aka fi daɗewa a kai. Sun ce a sayi duk ƙwallayen da rigar za ta ci a lokaci guda, a duba lambar rini a jikin takardar kowane ƙwallo a tabbatar iri ɗaya ce, saboda ja biyu da suka yi kama a shago sukan bambanta idan an fito rana, kuma layin yakan fito a ƙirjin riga. Kafin a fara, a saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10, a wanke shi, a sake aunawa don a ga ko girmansa ya canza. Wannan shawarar ce ta fi kwanta mini a rai. Rigar jariri kuwa a bar mata maɓalli a kafaɗa don kai ya shige ba kuka. Ulu na asali ba ya son ruwan zafi, kuma a shimfiɗe ake shanya shi, don igiya tana ja masa kafaɗu.

Game da rabon lokaci, an fi son a hau keken ɗinki da hantsi, a bar saƙa sai yamma. Masu son karatu sun ce sukan saurari littafi a waya yayin saƙa jikin riga, su dakatar da shi idan an zo ƙidayar saƙar wuya da hannun riga.