Damuwa da mutane tana sa mutum kasada ne ko tana hana shi?

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Ni da can ba na tsoron komai, gudu da babur, iyo a ruwa mai zurfi, hawa saman gini ba igiya a wurin aiki, duk ban ɗauke su a bakin komai ba. Amma tun da aka haifa min 'yata shekara 3 da suka wuce sai na koma wani mutum daban, na daina tafiyar dare, har wani aiki mai tsoka na ƙi karɓa saboda akwai hatsari a ciki. To sai ga shi watan jiya gobara ta tashi a gidan maƙwabtanmu ana ta ihu akwai tsohuwa a ciki, wallahi ban san lokacin da na shige ba, sai da muka fito da ita ni da wani saurayi sannan jikina ya kama rawa na tuna Ummi. Matata ta sha kuka ranar, ta ce min ka manta kana da mu ne? Har yau na rasa amsar da zan ba ta. Ni dai abin ya yi min duka biyun, ya sa ni tsoro ya kuma cire min tsoro, ta yaya haka?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Baban Ummi. A ganina babu karo a ciki ko kaɗan. Gudun babur da ka bari kasada ce da ba ta amfanar kowa, idan ka faɗi Ummi ce za ta biya. Shiga gobarar kuwa akwai ran mutum a ɗaya gefen. Zuciya ɗaya ce ta yi aikin biyu.

Kuma wannan "ban san lokacin da na shige ba" da ka faɗa kusan duk masu ceto haka suke cewa. A Amurka akwai wata lambar yabo ta Carnegie da ake ba farar hula da suka sa ransu a hatsari don ceton wani, a 1904 aka kafa ta bayan fashewar wata mahaƙar kwal a Harwick inda mutum biyu da suka shiga ceto su ma suka rasu. A 2014 wasu masu bincike, David Rand da Ziv Epstein, suka bi bayanan waɗanda suka samu lambar, sai suka ga mafi yawansu ba su tsaya lissafi ba, jiki ne kawai ya tafi. Ka duba Wesley Autrey a New York a 2007, yana tsaye a tashar jirgin ƙasa da 'ya'yansa mata ƙanana guda biyu wani matashi ya faɗa kan layin dogo, ya dira ya danne shi a ramin da ke tsakanin ƙarafunan jirgin ya wuce ta kansu. Uba ne kamar ka, yaransa na kallo.

Maman_Khalil:
Malam Sani ka yi haƙuri amma ni ina bayan matarsa. Kun faɗi waɗanda suka fito da rai, waɗanda ba su fito ba fa? Ita wannan lambar ta Carnegie kusan ɗaya cikin biyar iyalai ake miƙa wa saboda mai ita ya riga ya rasu wajen ceton. Kuma a gobara hayaƙi ne ya fi kashe mutane ba wutar ba, numfashi kaɗan mutum ya zube. Haka a ruwa, sau nawa ake jin mutum ya faɗa don ya ciro wani sai wanda ke nutsewa ya riƙe shi gam su tafi tare, shi ya sa masu koyar da ceto suke cewa ka miƙa sanda ko ka jefa igiya kafin ka yi tunanin shiga. Ban ce kar a taimaka ba Baban Ummi, Allah ya sani da mahaifiyata ce a ciki zan yi ta maka addu'a har in mutu, amma kukan matarka shi ma damuwa ce da wani, ba son kai ba ne, kar ka ji haushinta.

Nas_Hauwa:
Bari in ƙara wani abu da ya ba ni mamaki lokacin da na karanta. Mutane suna zaton jarumi shi ne wanda bai san tsoro ba. Abigail Marsh ta jami'ar Georgetown ta duba ƙwaƙwalwar mutum 19 da suka ba da ƙodarsu ga wanda ba su taɓa sani ba, ta ga wani ɗan sashe da ake kira amigidala, wanda ke aikin gane tsoro, ya fi girma a wurinsu kuma ya fi motsawa idan suka ga fuskar mutum a firgice. Masu ƙeƙasasshiyar zuciya kuwa nasu ba ya motsawa sosai. Wato ba rashin tsoro ne ya tura su ba, tsoron wani ne yake shigar su da sauri. Kuma su ba cikin daƙiƙa suka yanke shawara ba, watanni ake yi ana gwaje-gwaje ana faɗa musu hatsarin tiyata, suna da damar fasawa har ranar ƙarshe amma su ce a yi. Ihun tsohuwar nan ne ya shige ka Baban Ummi, kamar yadda kukan Ummi yake shigar ka.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai. Maman Khalil maganarki ta taɓa ni, gaskiya na ɗan ji zafin matata a raina don na zaci za ta yi alfahari da ni, ban tsaya na kalli abin ta wajenta ba. Yau da dare zan zauna da ita. Ba zan iya yi mata alƙawarin cewa ba zan sake shiga ba don ƙarya zan yi, amma na fara neman inda ake koyar da taimakon gaggawa da kashe gobara. Nas Hauwa don Allah kwana nawa irin wannan horon yake ɗauka?