Yaya ake saka darasi a labarin yara ba tare da ya koma wa'azi ba?

Maman Ilham, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Masu rubuta wa yara, a taimaka. Labari ne kan illar ƙarya, na 'yan shekara 6 zuwa 8. Ta yaya darasin zai shiga ba su ji kamar faɗa ake musu ba?

Malamin Hausa, Kawo: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. In akwai jimlar "saboda haka yara ku daina ƙarya" a ƙarshe, fara goge ta. Yaro ɗaya, laifi ɗaya, darasi ɗaya. A ce an aike shi sayo ƙuli-ƙuli, ya sha alawa da canjin, ya ce kuɗin sun faɗi. Ki bar ƙaryar ta haihu: ya ƙara ta biyu don rufe ta farko, a ta uku a daki ƙanensa a kan laifin da bai yi ba. Nan ne cikin mai sauraro zai ɗuri ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shigo da kaka ko malami ya warware komai. Yaron ne zai furta da bakinsa. Dubi Gizo: ba mai tsayar da tatsuniya ya yi masa nasiha, kwaɗayinsa ke kayar da shi. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, da labari aku ya riƙe Musa ɗan sarki, ba da tsawa ba.

Anti Barnawa: Malam ya gama magana. Kalma 400 zuwa 600 ta isa, kowace jimla kada ta wuce kalma 10. Ki karanta wa yara biyar da baki, kada ki tambaye su "me kuka koya?", amsar makaranta za su ba ki. Ce musu "me zai faru gaba?" Shafin da suka fara mutsu-mutsu, rage shi.

Mai Ɗab'i, Kakuri: Hajiya, in za a buga, shafuka su rabu da 4, kamar 16 ko 24, don da ƙusa ake ɗinke tsakiya. Girman harafi 16 zuwa 18. Ki duba ƙ, ɗ da ɓ da kyau, wasu haruffan kwamfuta ba su da su, sai ƙarya ta fito karya. Salon haruffan kwamfuta mai suna Andika na da su. Ki kai aikin a PDF, ki karɓi kwafin gwaji ɗaya kafin a kunna inji.