Wane rukuni ya dace da Kilina a gasar nunin dawakai?

Mai Kili, Abuja

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar doki. Ina da ingarma ɗan Arewa, kili ne, wanda na saya a Katsina shekara biyu da suka wuce, kuma wanda ya sayar mini ya ce a lokacin shekararsa huɗu. Wurin da nake ajiye shi a nan Abuja zai shirya gasar nunin dawakai da zarar damina ta ɗauke, an kuma raba mana takarda mai rukunoni shida: na jan doki a ƙasa ba sirdi, inda alƙali zai duba ƙira da tafiya, na hawa, na tsallaken shinge, na tsafta da kyan shiri, na kwalliyar gargajiya, sai kuma gajeriyar sukuwa. Kowane rukuni da kuɗin shigarsa.

Zuciyata tana kan tsallake, domin na taɓa ganinsa ya ƙetare wani rami a bayan barga ba tare da ya yi ko gezau ba, amma yaron da yake kula da shi ya ce ba aikinsa ba ne. Bai taɓa shiga fili ba ban da hawan Sallah sau biyu. Ta yaya mutum zai gane rukunin da ya dace da irin dokinsa?

Baba Shamaki, Jos

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka biya ko kwabo, ka auna shi. Ka tsayar da shi a kan daɓe mai daidai, ƙafafunsa huɗu a tsaye, ka auna daga ƙasa zuwa ƙololuwar kafaɗa, wato wurin da geza ta ƙare. Turawan Ingila da hannu suke auna doki, hannu ɗaya kuwa inci 4 ne, kuma iyakar da suka sa tsakanin ƙuru da cikakken doki ita ce hannu 14 da inci 2, kimanin santimita 148. Dawakanmu na Arewa da yawa a gefen wannan iyaka suke, wasu a ƙasa kaɗan, wasu a sama kaɗan. Wannan ba kasawa ba ce, amma ita ce take nuna da wa za a jera shi.

Dalilin da ya sa na fara da awo shi ne, a rukunin jan doki da na hawa, alƙali yana kwatanta kowane doki ne da siffar da ake so a irinsa. A Ingila, inda wannan tsari ya yi ƙarfi, suna da rukunin dokin farauta, wanda suka kasa gida uku bisa nauyin mahayin da zai iya ɗauka, suna da na gajeren doki mai kauri da gajerun ƙafafu, suna kuma da na siririn doki mai taushin tafiya da ladabi. Dokin da ya zo na ɗaya a wannan rukuni zai iya zuwa na ƙarshe a wancan, alhali shi ne dai bai canza ba.

To, ka dubi naka da idon gaskiya. Dokin Arewa jinin Barbar na Arewacin Afirka ne da ya gauraya da na Dongola ta ƙasar Sudan, shi ya sa za ka ga karan hancinsa a ɗan tanƙware, ƙirjinsa ba faɗi sosai, kuturinsa a gangare, jelarsa kuma ta fito daga ƙasa. Idan aka jera shi da dokin Ajantina ko na tseren Ingila a gaban alƙalin da idonsa ya saba da waɗancan, duk waɗannan siffofi aibi zai ɗauke su. Idan kuwa da 'yan'uwansa aka jera shi, su ne shaidar asalinsa. Saboda haka ka tambayi masu shirya gasar ko sun ware dawakan gida daga na waje. In sun ware, ka shiga jan doki hankalinka kwance. In ba su ware ba, ka riƙe kuɗinka, ka kai shi rukunin kwalliyar gargajiya, inda kili mai ɗaga wuya, wanda ya riga ya saba da ganga da algaita da taron jama'a, yake da rinjaye tun kafin a fara.

Maganar rami kuwa, kowane doki mai lafiya zai ƙetare rami in ya ga dama. Shinge takwas ko goma a jere, da kwana a tsakaninsu, da mutum a bayansa, wannan horo ne na watanni masu yawa.

Likitar Dabbobi, Abuja

Ina goyon bayan Baba, zan kuma ƙara abu biyu. Malam, kada ka dogara da shekarun da mai sayarwa ya faɗa, ka sa a buɗe bakinsa. Doki yana kammala haƙoransa na gaba na dindindin ne a wajen shekara 5, ƙasusuwan gadon bayansa kuwa su ne na ƙarshe wajen ƙosawa, sai wajen shekara 6. Idan an ƙara masa shekara ɗaya a ciniki, wanda ba baƙon abu ba ne, to tsallake da sukuwa a busasshiyar ƙasa za su iya jawo masa ciwon da ba zai nuna ba sai daga baya. Ka sa a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, kana kallo. In yana gyaɗa kai sama da ƙasa a kowane taku, akwai ɗingishi a ƙafar gaba, kuma alƙali zai gani kafin kai ka gani.

Na biyu, ƙarshen damina lokaci ne na ƙananan ƙwarin da suke yaɗa cutar dawakai ta Afirka, masu cizo da magariba da asuba. Dawakan waje sun fi saurin mutuwa da ita, amma na gida ma ba su tsira ba. Ka tambaya ko ana neman shaidar rigakafi daga duk wanda zai kawo doki, kada kuma ka bar naka ya kwana a fili.

Ɗan Polo, Jos

Baba, ranka ya daɗe, ban ƙi maganarka ba, amma ina ganin kada mu sa Malam ya ɗauka dokin gida na ado ne kawai. Da irin waɗannan dawakai aka kafa polo a Arewa, tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai matsayi na 7 a ma'aunin gwanintar da iyakarsa 10 ce. Dokin Arewa yana da saurin juyawa da juriyar zafi, abin da yake rasawa shi ne tsawon taku. Shi ya sa ni ma ba zan sa shi sukuwa da ɗan Sudan mai dogayen ƙafafu ba, sai dai in tseren na 'yan Arewa ne zalla.

Abin da ya fi damuna shi ne bakinsa. Dokin da ya yi hawan Sallah da linzamin gargajiya mai zobe ya saba da ja ɗaya ya yi zamiya, yana ɗaga kai sama. A rukunin hawa kuwa ana so a ga doki ya sauke wuya, ya karɓi linzami mai sauƙi, ya tashi daga taƙama zuwa sassarfa zuwa ƙaramar sukuwa ba tare da fizga ba, sannan ya tsaya cik a cikin jeri. Kuma ingarma ne. A filin polo goɗiyoyi da dandaƙaƙƙu aka fi hawa saboda wannan dalili. In aka tsayar da goɗiya kusa da shi ya kama haniniya yana tono ƙasa, maki ya tafi, wataƙila ma a fitar da shi. Ka gwada shi kusa da goɗiya a barga tun yanzu, ka ga halinsa.

Mai Kili, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya mun auna shi, santimita 146 ne. Hajiya Likita, an duba bakin, haƙoran sun cika, kuma bai gyaɗa kai ba da aka ja shi a kan kwalta. Masu gasar sun ce dawakan gida rukuninsu daban a jan doki, amma a hawa da sukuwa a haɗe suke. Don haka na rubuta sunansa a jan doki da kwalliyar gargajiya, na ajiye tsallake. Da muka kawo goɗiya kusa da shi kuwa sai da mutum biyu suka riƙe shi, saboda haka hawa ma sai wata shekarar. Baba, saura mako bakwai. Me zan fi mayar da hankali a kai?

Baba Shamaki, Jos

Tsayuwa da tafiya a hannu. Kullum da safe ka ja shi da kanka daga gefen hagunsa, kafaɗarka daidai da tasa, da linzami ba da ragama ba tunda ingarma ne, har ya koyi yin sassarfa da zarar ka ɗaga ƙafa, ba sai an kora shi daga baya ba. In za ka juya, ka tura shi dama, domin kada jikinka ya kare wa alƙali ƙafafunsa. Ka koya masa tsayuwa ta minti biyu ko uku ba motsi, da wani doki a kusa. A gyara masa kofato mako biyu kafin ranar, kada a bari sai ana gobe, don kada ya shiga fili yana taka ƙasa da tsoro. Kada ka ƙara masa dawa don ya yi ƙiba, zafin kai za ta ƙara masa, harawa mai kyau ta ishe shi. Kili kuma ba ya ɓoye datti, jar ƙasar Abuja tana kama jela da gwiwoyi, don haka ka fara wanke jelar tun yanzu, ka kitse ta, ka kuma sa a riƙa kwashe kashi daga turkensa safe da yamma.