Shin Babba Zai Iya Gyara Furucinsa a Baƙon Harshe?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk wanda ya balaga bai ƙware a sautukan wani harshe ba, to da wuya ya ƙware har abada, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibaina na babbar sakandare sun san nahawu, amma har su gama ba sa raba "p" da "f" a Turanci. Tun a 1967 masanin harshe Eric Lenneberg ya ce ƙofar koyon harshe cikin sauƙi tana rufewa wajen balaga, saboda haka gara mu kashe lokacin darasi a kan karatu da rubutu.

Alaramma: Wa alaikumus salam. Malama, ban yarda ba. Mu Hausawa, a kalmomin da muka aro daga Larabci, mun mayar da sa'un mai ɗigo uku "s", shi ya sa muke cewa Usman, mun kuma haɗe zalun da zayun, shi ya sa muke cewa zunubi. Duk da haka dattijo mai furfura yakan zauna gabana koyon tajwidi, in nuna masa ya ɗora kan harshensa a bakin haƙoransa na sama, ya yi ta maimaitawa har harafin ya fito daga mafitarsa. Idan ƙofa ta rufe, ta ina wannan dattijon ya shiga?

Ɗalibin Ilimin Harsuna: Allah ya gafarta Malam, kafin a yanke hukunci ya kamata a gane cewa abin da ɗaliban Malama suke yi ba shirme ba ne, ƙa'idar Hausa suke bi. A tsarin sautinmu babu "p" mai zaman kanta, kuma "f" ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, har a Sakkwato takan koma "hw", a ce hwari maimakon fari. Haka nan gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, sai mu saƙala wasali a tsakani, abin da ya ba mu burodi da firamare da fursuna. Ba ma jin muna yin haka, kamar yadda ba ma jin ganɗantawar da ke mayar da "t" zuwa "c" a mota da motoci. Matsalar tana farawa daga kunne. A 1984 wasu masu bincike, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jarirai 'yan gidajen masu Turanci a Kanada, suka tarar 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance wasu sautukan harshen Hindi da iyayensu ba sa bambancewa, amma yawancin 'yan wata 10 zuwa 12 sun daina.

Uwar Yara: Wannan ya yi daidai da abin da nake gani a ɗaki. Ƙaramar 'yata tana cewa "yuwa" idan tana son ruwa, amma idan na kwaikwaye ta na ce "ga yuwa", sai ta ɓata rai ta ce ba haka ake faɗa ba. Ke nan kunnenta ya riga harshenta, tsamin bakin kuma zai wuce da kansa. Ina ganin na babba ya sha bamban, domin shi harshensa lafiya lau yake, kunnensa ne ya saba da tsarin gida.

Malamar Turanci: Ai kun ƙarfafa mini gwiwa, tunda kunne yana fara toshewa tun kafin yaye. Alaramma kuma, karatun da aka haddace ake rerawa a tsanake daban yake da hira. A saurari dattijon nan yana magana da Balarabe a kasuwa, a ji ko sa'un ɗin za ta tsira.

Alaramma: Wannan gaskiya ce, Malama, a hira sukan koma gidan jiya. Amma kin ce ba za a iya ba, ni kuwa na ga an iya a inda aka dage.

Ɗalibin Ilimin Harsuna: Malama, kunnen bai toshe ba, ya dai karkata ne. A 1995 masanin furuci James Flege da abokan aikinsa sun auna furucin Turanci na Italiyawa 240 da suka shiga Kanada suna tsakanin shekara 2 da 23, suka ga karin harshen gida yana ƙaruwa sannu a hankali gwargwadon shekarun zuwa, ba tare da wata shekara guda da abin ya yanke ba. An kuma horar da manyan Japanawa, waɗanda "r" da "l" na Turanci ke rikita su, ta hanyar sauraron muryoyin mutane daban-daban suna faɗin kalmomi masu kama da juna, kuma jinsu ya inganta, daga baya aka ga furucinsu ma ya gyaru, ko da yake bai kai na 'yan asali ba.

Mazaunin Kumasi: Ni shaida ne daga ɗaya ɓangaren. A zangon da na tashi ba ma raba ƙafa da kafa, kuma sai da na girma na yi hulɗa da Kanawa sannan na fara jin bambancin. Yanzu ina furta "ƙ" daidai idan na natsu, amma idan magana ta yi zafi takan kuɓuce mini.

Malamar Turanci: Na karɓi batun fara horo daga sauraro kafin furuci, zan kuma gwada shi a zango mai zuwa. Sai dai Japanawan nan ɗaya bayan ɗaya aka zaunar da su da na'ura a kunne, Alaramma ma gwiwa da gwiwa yake zama da almajirinsa, ni kuwa aji cike nake fuskanta a minti 40. Wanda ya taɓa yin wannan horo a irin ajinmu ya faɗa mini yadda ya tsara shi.