Baƙi sun sauka a gidanmu, ta ina zan fara?

Daga Gidan Rumji, jihar Maradi, Nijar:
Salamu alaikum. Wata mata da yara huɗu daga Sabon Birni ta Najeriya sun sauka a gidanmu, 'yan bindiga suka koro su. Autan ko takalmi babu. Tuwonmu ɗaya, amma rumbu ya yi ƙasa. Ina zan dosa?

Amsa:
Yaya, fara da mai gari, ya haɗa ku da ma'aikatan HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, a yi musu rajista. Tun 2019 ake tsugunar da irinsu a ƙauyen Garin Kaka, nan jihar Maradi.

Amsa:
Unguwarmu, kowane gida kan kawo tiyar gero ranar Juma'a, liman ya raba.

Amsa:
Kada ki matsa mata da tambaya. Tamu sai da ta yi wata biyu kafin ta iya zancen mijinta. Ki riƙa jan ta zuwa rijiya.