Toshe ramin ƙusa da ƙananan tsaga a bangon waje

Jiya a majalisarmu ta Angwan Rogo muka tattauna batun ramukan ƙusa da tsagar bangon waje, tunda ruwan Jos ba ya wasa. Magina suka ce kar a cusa siminti zalla, zai ƙanƙance ya tsage, a kankare wurin, a share ƙura, a jiƙa shi da ruwa sannan a shafa siminti haɗe da yashi mai laushi. In katako ne kuwa filla (kwaɓin cike rami) ko garin katako da gam ya wadatar, amma gefen taga silikon (abin toshe kafa mai kama da roba) ake sa wa, sai dai fenti ba ya kama shi sosai, ni ma na taɓa ɓata bangona haka. Wani dattijo ya ce a bari sai rani tukuna.